Layin da ke raba yaran unguwa: rigimar iyakokin makarantu a gundumar Howard ta Amurka

A yawancin garuruwan Amurka, uba ba ya zaɓa wa ɗansa makarantar gwamnati. Adireshin gidansa ne ke zaɓa masa. Hukumar ilimi ta kowane yanki tana da taswira da ta shata wa kowace makaranta iyakarta, duk yaron da gidansu ya faɗo cikin layin, can zai je, ko iyayensa sun so ko sun ƙi. Sai ka ga titi ɗaya, 'yan wannan hannun suna shiga wata mota da safe, 'yan wancan hannun suna jiran wata dabam. Kuma ba abin wasa ba ne. A shekarar 2011, wata uwa baƙar fata a birnin Akron na jihar Ohio ta yi kwana 9 a gidan yari saboda ta rubuta adireshin mahaifinta domin 'ya'yanta mata biyu su samu shiga makarantun wata unguwa da ta fi tata. A wurinmu, inda mai hali kan kai ɗansa makarantar kuɗi, marar hali kuma ya nemi alfarmar shugaban makaranta, wannan zai yi wuyar fahimta. Amma sai an fahimce shi kafin a gane dalilin da ya sa mutane masu digiri biyu da uku suke fitowa kan titi da kwalaye, suna ta da jijiyar wuya, don kawai an ce za a gusar da layi a kan takarda.

Gundumar Howard tana jihar Maryland, tsakanin Baltimore da Washington. Mutanenta sun haura 300,000, tana cikin gundumomin da suka fi arziki a ƙasar, makarantunta kuma suna cikin waɗanda ake yabo. Jama'a na sayen gida a can da tsada musamman don 'ya'yansu su shiga waɗannan makarantu, ciki har da baƙi daga Indiya da China da Koriya da ƙasashen Afirka. A cikin watan Agustan 2019, shugaban makarantun gundumar, Michael Martirano, ya gabatar da shawarar a sauya wa yara kusan 7,400 makaranta, daga cikin ɗalibai kimanin 58,000. Wato kusan yaro ɗaya cikin takwas. Dalilai biyu ya bayar: rage cunkoso, da kuma hana a tara 'ya'yan talakawa a makarantu ƙalilan.

Maganar cunkoson babu mai musunta ta. Ƙa'idar hukumar a lokacin ita ce kowace makaranta ta ɗauki tsakanin kashi 90 zuwa 110 cikin ɗari na abin da aka gina ta domin shi. Makarantu da dama a gabashin gundumar, inda ake ta gina sababbin gidaje, sun zarce wannan ƙa'ida nesa ba kusa ba, alhali a yamma, inda gidaje suke da manyan filaye, akwai kujerun da babu mai zama a kansu. Cunkoso a can ba irin na yara ɗari a aji ɗaya suna zaune a ƙasa ba ne, amma yana da nasa ciwon. Ana jera azuzuwan wucin gadi masu kama da kwantena a filin wasa ko wurin ajiye motoci. Yaro zai fito daga babban gini cikin sanyin Janairu, ya ratsa ƙanƙara ya shiga kwantenar, in fitsari ya kama shi ya sake ratsowa. Ɗakin cin abinci ba ya ɗaukar kowa a lokaci guda, don haka a raba su rukuni-rukuni, wasu su ci abincin rana tun hantsi bai gama ɗagawa ba. Malamin zane ko na kiɗa a karɓe masa ajinsa, ya riƙa tura kayansa a amalanke daga wannan aji zuwa wancan. Gina sabuwar sakandare kuwa aiki ne na shekaru da dala miliyan fiye da ɗari. Hanya mafi arha kuma mafi sauri ita ce a gyara taswira, a kai yara inda kujeru suke.

To, a nan gizo ke saƙar. An yayyanka gundumar zuwa ƙananan yankuna kusan 700, kowane da lambarsa, suna kiransu foligon. Wani foligon 'yan tituna ne kawai, wani rukunin gidajen haya ne guda. A waccan kakar ta 2019, iyayen da ba su taɓa jin kalmar ba sun haddace lambar tasu kamar lambar waya. Mai gyaran taswira yana zaune ne da waɗannan gutsattsarin a gabansa, ya ɗauki wannan ya manna wa waccan makaranta. Kuma da zarar ya ɗauki ɗaya, ya riga ya yanke hukunci a kan wanda zai zauna kusa da wa a aji. Babu layin da ba shi da ɓangare. Ko da ya rufe ido ya ce cunkoso kaɗai yake dubawa, layin da zai ja zai tara talakawa ne ko ya rarraba su. Wannan shi ne abin da nake ganin masu cewa "a bar maganar bambancin jama'a, a yi maganar cunkoso kawai" suka kasa amsawa. Tsohon layin ma wani ne ya ja shi, kuma shi ma ya san abin da yake yi.

Ma'aunin talauci a makarantun Amurka shi ne yawan yaran da suka cancanci abincin makaranta kyauta ko a rangwame. Kyauta ga iyalin da samunsu bai wuce kashi 130 cikin ɗari na layin talaucin da gwamnatin tarayya ta ƙayyade ba, rangwame kuma har zuwa kashi 185. A 2019, a gundumar Howard baki ɗaya, irin waɗannan yara sun ɗan haura ɗaya cikin biyar. Da a ce rabon ya tafi daidai, da kowace makaranta tana kusa da hakan. Amma a sakandaren River Hill ba su kai kashi 5 ba, a sakandaren Wilde Lake kuwa sun haura kashi 40. Tafiyar 'yan mintuna ce a mota tsakanin makarantun biyu. Shawarar Martirano ta ƙunshi ɗebo wasu yara daga yankin River Hill a kai su Wilde Lake, a kuma shigo da wasu daga wurare marasa ƙarfi zuwa River Hill. A nan wutar ta fi kamawa.

Abin da ya sa wannan rigima ta ja hankalin ƙasar shi ne tarihin wurin da ta faru. Gari mafi girma a gundumar, Columbia, ba haka kawai ya tsiro ba. Wani attajirin mai gina gidaje, James Rouse, shi ya sayi gonaki ya tsara shi, aka buɗe shi a 1967, da niyyar baƙi da fari, mai kuɗi da mai ƙaramin ƙarfi, su zauna wuri guda. Shekara ɗaya ke nan kafin Amurka ta kafa dokar 1968 da ta haramta nuna wariya a sayarwa ko bayar da hayar gida. Rouse ya raba garin ƙauyuka-ƙauyuka, kowane da 'yar kasuwarsa da makarantunsa, ya cakuɗa gidajen haya da na mallaka. Har akwatunan wasiƙa ya sa aka tara su wuri ɗaya a kowane lungu, don dole maƙwabta su haɗu su gaisa. Wilde Lake shi ne ƙauyen farko, wanda aka gina lokacin da burin yake da zafinsa. River Hill shi ne na ƙarshe, an gina shi a shekarun 1990, kuma kusan duk manyan gidaje ne masu tsada. Wato bambancin da ke tsakanin makarantun biyu ba a aji ya faro ba. An gina shi ne da bulo da siminti, da izinin hukuma, shekara da shekaru kafin a haifi yaran da ake faɗa a kansu.

Idan aka ƙara komawa baya, Baltimore da ke maƙwabtaka ita ce birnin farko a Amurka da ya kafa dokar raba unguwanni bisa launin fata, a 1910. Kotun ƙoli ta rushe irin waɗannan dokoki a 1917, amma wariyar ta sake riga. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirorin birane, ta shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi a matsayin wuraren da bai kamata a ba da bashin gida ba. Tun da gida shi ne babbar dukiyar ɗan Amurka, iyalan da aka hana saye a wancan zamani jikokinsu ne yau suka fi yawa a gidajen haya. Shi ya sa a can ba a iya raba maganar talauci da maganar launi, ko da an so.

Dokar ƙasar ma ta yi ta kai-kawo a kan batun. A 1954 kotun ƙoli ta haramta ware makarantun baƙaƙe da na farare a shari'ar Brown. A 1971, a shari'ar Swann ta birnin Charlotte, ta amince a yi jigilar yara da motoci daga unguwa zuwa unguwa don a cakuɗa su. A 1974, a shari'ar Milliken ta Detroit, ta ce ba za a tilasta wa garuruwan kewaye shiga wannan shiri ba, sai masu hali suka tattara suka koma bayan gari inda hukuncin ba zai iske su ba. A wannan shekarar ce kuma aka riƙa jifan motocin yara baƙaƙe da duwatsu a Boston. Sai a 2007, a shari'ar biranen Seattle da Louisville, kotun ta hana a duba launin yaro shi kaɗai wajen ba shi makaranta, ko da yake alƙali Anthony Kennedy ya bar ƙofa a buɗe: ana iya shata iyaka tare da la'akari da irin mutanen da ke unguwanni. Daga nan ne hukumomin ilimi suka koma magana da harshen samun kuɗi maimakon launin fata. Martirano bai ce baƙi da fari ba, abincin rangwame ya ce. Amma kowa a zauren ya san abin da ake nufi.

Masu adawa sun fito da yawa, kuma a shirye. Sun buga riguna iri ɗaya, sun yi gangami a kusa da babbar kasuwar Columbia, sun cika zauren sauraren ra'ayin jama'a dare bayan dare, sun aika da wasiƙu dubbai. Takensu biyu suka fi yaɗuwa: "a gyara, kada a kwashe" da "yara kafin foligon". Wasu kwalayen kuma sun ɗauki kalmar "jigilar dole", wadda duk wanda ya san shekarun 1970 ya san nauyinta. Cikin wasiƙun an samu waɗanda suka fito da ƙiyayya tsirara, suna siffanta yara baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka da rashin tarbiyya da lalata makaranta, har jaridu suka buga su. Wannan kuwa a gundumar da motocinta suka shahara da wata koriyar alama mai cewa a zaɓi ladabi, kuma wadda ke ba jam'iyyar Democrat, wadda ta fi goyon bayan cakuɗa yara, ƙuri'a da rinjaye mai yawa. Mutane da dama da suka yarda da cakuɗa yara a baki sun ja baya da abin ya iso ƙofar gidansu. Wanzami ba ya son jarfa.

Sai dai zalunci ne a ce duk wanda ya ƙi shirin mai wariya ne, kuma ban yarda da masu faɗin haka ba. Ka ɗauki uwar da ɗanta ke tafiya makaranta da ƙafa a minti goma, aka ce daga baɗi zai tsaya a bakin titi da asuba ya jira bas, ya wuce makarantar da yake hangowa daga tagar ɗakinsu ya tafi wata. Ka ɗauki yarinya 'yar shekara 15 da ta samu ƙawaye da ƙyar, ta shiga ƙungiyar wasanni, aka ce ta faro daga farko. Ga kuma baƙi, musamman 'yan asalin Asiya da suke da yawa a yankin River Hill, waɗanda suka zo ƙasar da akwati ɗaya, suka yi shekaru suna tsimi, suka ci bashin shekara 30 don sayen gida a cikin wancan layin. Su a ganinsu sun bi ƙa'idar da suka tarar, sai da suka biya aka ce an sauya. Ba su suka shafa jan launi a taswirar Baltimore ba. Da aka kira su masu wariya, abin ya yi musu ciwo ƙwarai, kuma ya ƙara musu taurin kai.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a gaban makirufo ba, amma yana ƙarƙashin komai: kuɗin gida. Wata masaniyar tattalin arziki, Sandra Black, ta yi nazari a 1999 a garuruwan da ke kewaye da Boston. Ta kwatanta gidajen da ke kusa da juna amma layin makaranta ya raba su, ta gano cewa idan sakamakon jarrabawar makarantar wannan hannun ya ɗara na wancan da kashi 5, farashin gidan kan ɗara da kusan kashi 2.5. Dillalan gidaje sun san wannan tun kafin masana su auna, shi ya sa sunan makaranta yake cikin tallar gida. Don haka idan aka gusar da layi, mutum yana jin kamar an sa hannu ne a aljihunsa. Hukuma na cewa gyara kayanka, shi kuma kunnensa na jin sauke mu raba. Tsoron na gaske ne. Abin tambaya shi ne ko makarantar gwamnati, wadda kowa a gundumar ke biya wa haraji, ta zama kadarar da ake saye tare da gida. Ni dai ban ga inda aka taɓa sayar wa kowa wannan alkawari ba. Hukumar ta sha gyara iyaka a baya, kuma ƙa'idarta a rubuce take cewa za ta iya sakewa.

Taken "a gyara, kada a kwashe" shi ne hujja mafi ƙarfi, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya. Me zai hana a bar kowa inda yake, a zuba wa makarantun talakawa kuɗi da malamai? A wurare da yawa na Amurka, inda kusan rabin kuɗin makarantu ke fitowa daga harajin gidajen yankin, wannan magana ce babba, domin gari mai arziki yana da makaranta mai arziki. Amma a Maryland gunduma guda hukumar ilimi guda ce, asusu ɗaya. River Hill da Wilde Lake daga tukunya ɗaya suke ci, makarantun da talakawa suka yi yawa ma akwai ƙarin tallafin da ake ba su. Bambancin yana wani wuri ne. Yana cikin abin da ƙungiyar iyaye za ta iya tarawa a dare ɗaya, da malamin darasin gida da ake ɗaukar wa yaro, da uwar da take da sukunin zuwa makaranta ta matsa sai an buɗe ajin lissafi mai zurfi. Yana cikin inda gogaggun malamai suke neman a mayar da su, da inda sababbin malamai suke shekara biyu su gudu. Malama mai yara 25, idan uku ne suka zo da yunwa ko suka sauya gida sau biyu a zango ɗaya, za ta iya riƙe su. Idan goma sha biyu ne, aikin ya zama wani abu dabam.

An taɓa gwada hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa, kuma a maƙwabciyar gunduma aka yi, Montgomery. Tun shekarun 1970 tana da dokar da ta wajabta wa masu gina manyan rukunin gidaje su ware wani kaso mai rahusa, hukumar gidaje kuma ta sayi wasu ta ba talakawa haya. Saboda haka akwai gidajen gwamnati a warwatse har cikin unguwannin masu kuɗi, kuma ba iyali ke zaɓar inda za a ba su ba, abin kamar ƙuri'a ne. Wata mai bincike, Heather Schwartz, ta bi sawun yara kusan 850 na irin waɗannan gidaje daga 2001 zuwa 2007. A daidai lokacin gundumar tana zuba ƙarin kimanin dala 2,000 a kan kowane ɗalibi a makarantun da talauci ya yi wa yawa, tana rage yawan yara a aji. Sakamakon da ta wallafa a 2010 ya nuna cewa 'ya'yan talakawan da suka faɗa makarantun masu hali sun fi takwarorinsu da aka bari a makarantun da aka ƙara wa kuɗi, musamman a lissafi, inda suka rage kusan rabin tazarar da ke tsakaninsu da sauran yara kafin su gama firamare. Tun a 1966 rahoton Coleman, wanda ya duba ɗalibai fiye da 600,000, ya nuna cewa irin yaran da ɗalibi ke zama da su yana tasiri a karatunsa. Kuɗi na da amfani, babu mai cewa ba shi da shi. Amma bai maye gurbin cakuɗawa ba.

Wani abu a binciken Schwartz ya kamata a tsaya a kansa. Yaran nan ba a bas aka kai su unguwar masu hali ba. A can suke kwana. Maƙwabcinsu a aji shi ne maƙwabcinsu a titi, iyayensu za su iya takawa zuwa taron makaranta. Amfanin ma bai bayyana a shekarar farko ko ta biyu ba, sai da aka ɗau shekaru. Wannan ya sha bamban da ɗauko yaro ɗan shekara 14 a sauke shi kowace safiya cikin yaran da iyayensu suka yi wata uku suna zanga-zangar kada ya zo.

Wannan ɓangaren ne ya fi damuna, kuma shi aka fi yin shiru a kansa. A tarihin Amurka, duk lokacin da aka ce za a cakuɗa, 'ya'yan marasa ƙarfi ne suka fi ɗaukar nauyin tafiyar. Bayan hukuncin 1954, makarantun baƙaƙe aka rufe, dubun-dubatar malamai da shugabannin makarantu baƙaƙe suka rasa aiki. A Howard ma, yaran da ke zuwa makaranta da ƙafa daga gidajen haya suna cikin waɗanda taswira ta taɓa. Iyalin da ke da motoci biyu, in yaro ya makara ko ya yi zazzaɓi da rana, a je a ɗauko shi. Uwar da ba ta da mota, tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi, in bas ya wuce ɗanta ya rasa karatun ranar ke nan, wasannin bayan tashi kuma sai dai ya haƙura. Kuma ba ita ce ke tsaye gaban makirufo ba. Zaman sauraren ra'ayi da dare ake yin sa, sai ka yi rajista tun da wuri, a ba ka minti uku, da Turanci. Wanda ke da lauya a gida, da injiniyan da zai zana wa hukuma tasa taswirar a kwamfuta, da lokacin zama har tsakar dare, shi ake ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan zaure masu ɗakin da ya fi yoyo su ne suka fi ƙaranci. Hatta iyayen Wilde Lake da ɗalibanta da suka samu zuwa, da yawansu sun ɓata minti ukunsu ne wajen kare mutuncin makarantarsu, suna cewa ba kango ba ce, ana karatu, ana cin jarrabawa, suna alfahari da ita.

A ranar 21 ga Nuwamban 2019 hukumar ilimi ta kaɗa ƙuri'a, foligon bayan foligon. Abin da ta amince da shi bai kai shawarar farko ba: yara kimanin 5,400 maimakon 7,400, aka kuma bar 'yan azuzuwan ƙarshe na sakandare su kammala inda suke. Daren ma bai wuce lafiya ba. Wata ƙuri'a ta faɗi, mambobi suka shiga ciki na ɗan lokaci, suka fito aka sake ta ta wuce, daga baya hukumar jiha mai sa ido ta ce an saɓa dokar da ta wajabta yin irin wannan shawara a bainar jama'a. Masu adawa sun riƙe wannan a matsayin shaidar cewa an gama magana tun kafin a saurare su. Masu goyon baya kuma sun ce an zaftare shirin har tazarar da ke tsakanin makarantun ba ta ragu yadda ake buƙata ba. Sabuwar taswirar ta fara aiki a zangon 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu, yaran da aka yi wannan faɗa a kansu suka fara sabuwar makaranta a gaban kwamfuta daga ɗakunansu.

Wasu wurare sun nuna abin da ke faruwa idan aka saki linzami gaba ɗaya. Charlotte, wadda ta zama abin misali bayan 1971, ta daina jigilar a farkon shekarun 2000 bisa umarnin kotu, cikin 'yan shekaru makarantunta suka sake rabuwa bisa launi da arziki. Gundumar Wake ta jihar North Carolina ta kafa ƙa'ida a 2000 cewa kada masu abincin rangwame su wuce kashi 40 a kowace makaranta, sai zaɓen hukumar ilimi ya kawo sababbin mambobi suka soke ta a 2010. Tsarin da ya dogara da bas da ƙuri'ar mambobin hukuma bakwai ko tara, zaɓe ɗaya ya isa ya rushe shi.

Ra'ayina shi ne Martirano ya yi daidai da ya ƙi yin kamar bai ga talauci a taswirar ba. Tun da dole ne a motsa yara saboda cunkoso, motsa su ta hanyar da za ta ƙara tara talakawa wuri ɗaya, ko ta bar tarin yadda yake, zaɓi ne shi ma, kuma mummuna. Amma an ɗora wa hukumar ilimi kayan da ba nata ba. An bar jaki ana dukan taiki. Ba hukumar ilimi ce ta ba da izinin gina dubban gidaje a gabas ba tare da makarantun da za su ɗauke su ba. Ba ita ta tsara cewa a yamma sai gida mai babban fili ba, wanda malamin makaranta ko direban bas ba zai taɓa iya saye ba. Majalisar gunduma da ofishin tsara gari ne ke da wannan iko. Gundumar tana da dokar da ke dakatar da sabon gini na 'yan shekaru a inda makarantu suka cika, amma dakatarwa ce mai wa'adi, in ya cika a ci gaba da gini ko an ƙara aji ko ba a ƙara ba. A ƙarshen 2019 ɗin ne ma majalisar ta ninninka harajin da masu gina gidaje ke biya don makarantu, abin da ke nuna cewa shekara da shekaru ana karɓar abin da bai taka kara ya karya ba.

A 2023 aka buɗe sakandare ta 13 a gundumar, Guilford Park, a yankin Jessup da ke gabas. Ta rage cunkoso, amma sabuwar makaranta sai da yara, don haka tun a 2022 aka sake shimfiɗa taswira, aka sake kiran lambobin foligon, wasu iyayen suka sake cika zaure. Martirano ya bar aiki a farkon 2024. Gidajen River Hill suna nan da tsadarsu, gidajen hayar Wilde Lake suna nan inda Rouse ya gina su, kuma ana ci gaba da zuba harsashin sababbin rukunin gidaje a gefen babban titin da ya ratsa gabashin gundumar.